Hular da Ke Matse Kumatu

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan kofin safe

Ashe in rai ya yi tsawo babu abin da ba za a sa mutum ya koya ba. Ni Ersilia, da na tsufa tsakanin allura da zare, yau ga ni da hular kwano a kan teburin girki ina jujjuya ta kamar mai zaɓen kankana.

Ta jikata ce, Ambra, 'yar ɗana Fulvio. Shekararta goma sha ɗaya, tana tseren kart, 'yan motocin nan da suke kamar faranti an sa masa taya huɗu, cikinsu na gogar ƙasa. A nan gefen Tafkin Garda kowa ya saba da su. In iska ta juyo daga filin tsere har cikin coci muke jin kukansu, kamar an taɓa gidan zuma. Uban ne ya sa ta a ciki tun tana 'yar mitsitsiya. Shi ne makanikinta, shi ke kai ta, shi ke yi mata tsawa, shi ke kitse mata gashi kafin ta sa hula.

Hular ta tsage tun daga goshi har kunne. Faɗowa ta yi daga saman durowa a gareji, ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Haka muka gaya wa maƙwabta.

Fulvio yana asibitin kan tudu tun ranar, inda ake kwantar da masu damuwar ƙwaƙwalwa. Sun ce hutu yake bukata.

Jiya surukata Oriana ta zauna a kujerar can, ko rigar aikinta ba ta cire ba, ta ce, "Mamma, ni kaɗai ke kawo albashi yanzu. Akwai wani mutumin garin Verona da ke son sayen motar Ambra. Tseren ƙarshe na bana ranar goma ga Nuwamba ne. In Ambra ta shiga, na san har yanzu ranta na ciki, sai mu ga yadda za a yi. In ba ta shiga ba, zan sayar kowa ya huta."

Ban ga laifinta ba. Sai dai ba a shiga tsere sai da hular da masu duba kaya suka amince da ita, kuma na san abin da Oriana ba ta son faɗa: ranar da motar nan ta tafi, babu sauran abin da uba da 'ya za su tsaya a kansa su yi magana.

Na ce ta bar mini zancen hula. Ta dube ni kamar na ce zan tuƙa jirgin sama.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Na je kan tudu. A bakin ƙofa suka karɓe ɗan almakashin da ke jakata, wanda ko wutsiyar zare da ƙyar yake yankewa.

Yana zaune gaban taga. Na kai masa miyar wake, na ba shi labarin fada, limamin cocinmu, da ya taka rigarsa a kan matakala ranar Lahadi. Bai ce komai ba. Tagar wurin ajiye motoci take kallo, ban san me yake gani a can ba. Wuyansa ya rame.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da tsakar rana

Ba na son Alhamis yanzu, amma kasuwa ba ruwanta da wannan.

Mai rumfar kayan babur ya jera huluna kamar kabewa. Na ɗauki wata ja mai walƙiya, kuɗinta bai kai na takalmin kirki ba. Har na fara cewa ashe abin da sauƙi, sai na ji murya a bayana.

"Ersilia, babur kika saya? Gaya mini hanyar da za ki bi in kauce."

Tarcisio ne, tsohon makaniki, abokin marigayi mijina Egidio. A rumfarsa ta filin tsere motar Ambra take ajiye.

Na ce, "Kai da ko a ƙafa kake tafiya kamar taya ɗaya ta sace? Ta yarinyar ce."

Ya karɓa, ya leƙa ciki, ya mayar wa mai rumfa. "Ta babur ce. Ko kin shafe ta da zinariya ba za ta wuce teburin Sinyora Pedrini mai duba kaya ba."

"Kan mutum ai kan mutum ne. Na mai babur da na Ambra ai duk ƙwarya ɗaya ce."

"Zo fili ranar Asabar, tsohuwa. Gani ya kori ji."

Tsohuwa! Mutumin da ya girme ni da shekara uku.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na koyi abubuwa yau, bari in rubuta kafin su zube.

Sinyora Pedrini ita ke duba kayan 'yan tsere, mace ce gajera da tabarau rataye a wuya da 'yar tocila a aljihu. Ba ta kallon kyan hula ko kaɗan. Takan kifa ta, ta zura yatsa ƙarƙashin 'yan katifun ciki, ta ɗaga, ta haska. Can ciki akwai wata 'yar sitika. In tana nan, kuma irin wadda doka ta ce ce, ka wuce. In babu, ko ɗan wa kake, ka koma wajen 'yan kallo. Ban taɓa jin kayan da darajarsa duk tana ɓoye a inda ba a gani ba, in ban da mutum.

Yaran da ba su kai sha biyar ba kuma tasu daban ce, marar nauyi. Na tambayi dalili, ai mai nauyi ta fi ƙarfi. Maimakon ya amsa, Tarcisio ya kifa mini ta manya a ka ya ce in kaɗa. Na kaɗa, kaina ya tafi hagu ya ƙi dawowa sai da na riƙo shi.

"To wuyanki ke nan mai shekara saba'in da motsi," in ji shi. "Na yaro kamar ganyen albasa yake."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farin soson da ke tsakanin ƙwaryar da katifun. Na ce wannan ai shi ake naɗo talabijin a ciki. Sinyora Pedrini ta ce ɗan uwansa ne, aikinsa ya murƙushe a madadin kai. In ya murƙushe sau ɗaya ya gama, ko da waje bai nuna ba. Wato hular kwano sau ɗaya take mutuwa.

Ta ce, "Ina Fulvio ne kwana biyu?" Na ce ya yi 'yar tafiya. Tarcisio ya tsaya nazarin takalminsa.

Da na dawo na ɗora tsagaggiyar a sikelin gari, don kawai in sani. Ba ta kai kazar Lahadi nauyi ba. Sannan na shiga neman abina.

A gidanmu babu rigar da ke fita aiki ko tafiya ba a ɗinke mata 'yar lambar azurfa mai hoton Maryamu a ciki ba. Uwata ta yi, kakata ta yi, ni ma na sa a rigar aikin Egidio da kwat ɗin makarantar Fulvio. Shekarar da aka sayi hular nan na ba Fulvio guda, na ce ya sa a ciki. Ya ce, "Na sa, Mamma." Yau na zazzage katifun ɗaya bayan ɗaya. Babu.

Ba komai. Yaran yanzu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan abincin rana

Ambra ta bar polentarta, tuwon masarar da take so, ta huce. Da kukan motoci ya shigo ta taga, ta tashi ta rufe.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Oriana ta samo wani a waya, a Desenzano, yana sayar da ta ɗansa rabin kuɗi. Na hau bas.

Mutumin kirki, har kofi ya ba ni. Hula fara tas kamar ba a taɓa sawa ba. Na kifa ta, na zura yatsa kamar wadda ta shekara tana yi, ga sitika nan lafiya lau. Sai dai hancina ya jiyo sabon fenti, kuma a ƙeya kawai, gefe ɗaya. Wanda ya yi faci ya san faci.

Na ce, "Yaron ya daina ne?"

"Ya koma ƙwallo, Sinyora."

"Nan fa?"

"Ɗan gogewa ne kawai, jikin taya."

Wataƙila gaskiyarsa. Amma ba ni da hanyar tambayar soson ko ya riga ya mutu. Na yaba kofin, na kamo hanya. Araha ba ta ado.

A bas na yi ta tunani, mutum fa? Ta ina ake zura yatsa a duba?

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Kan tudu. Almakashi, miya, taga.

Labarai sun ƙare mini, sai na ba shi na kasuwa. Na ce na ga wata ja wajen mai kayan babur, mai araha, har na kusa biya wa Ambra.

Ya juyo da kansa.

Bai yi magana ba, amma ya dube ni, ido cikin ido, irin duban da yake yi mini in na taɓa masa ƙarafa a gareji. Rabon da ya dube ni tun ranar Alhamis ɗin.

Muna yara, da hunturu, duk unguwa a ɗakin shanu muke taruwa da yamma don ɗumin jikinsu, kakata na saƙa tana ba da labari. Akwai na wani mai injin niƙa na bakin rafi da barci ya sace, aka rasa yadda za a tashe shi. An buga ƙararrawar coci, an harba bindiga, matarsa ta yi kuka har muryarta ta dishe, shiru. Sai wani wawan gari ya shiga ya zuba tsakuwa a dutsen niƙa. Da sautin dutsen ya canza, mutumin ya yi zumbur yana zagi. A lokacin dariya kawai muke yi wa wawan.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Ambra ta ƙi zuwa kanti. Na ce to a kawo kan nan in auna, tef ɗina bai tsufa ba.

Ta zauna kan kujerar keken ɗinki, na zagaya tef saman gira kamar yadda Tarcisio ya nuna mini.

"Nonna, kina ja mini gashi," in ji ta. Nonna take ce mini, wato kaka.

"Ke kika tara shi kamar tunkiyar da ta tsere wa aski. Zauna daidai."

Ta ce, ba ta juyo ba, "Ba faɗowa ta yi ba."

Na ce, "Na sani."

"To me ya sa kuke cewa faɗowa ta yi?"

"Don maƙwabta ba su da wurin ajiye ɗaya maganar."

"Ina tsaye a ƙofa fa, na ga abin da Papa ya yi mata."

"Na sani, 'yata. Sunkuya in ga ƙeya."

Babu abin da nake bukata a ƙeyar. Na daɗe ina aunawa.

Da za ta tafi ta ce, "In za ki saya, fara. Kada ki sayo mai furanni."

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Na saya.

Kantin bakin filin tsere, mai shi wani saurayi ne Denis, da ɗan kunne guda. Ya jera mini su tun daga mai kuɗin hutun wata a bakin teku har zuwa ta talakawa. Na sa ya kifa kowacce na zura yatsa. Abin mamaki, sitikar ciki iri ɗaya ce sak.

Na ce, "To sauran kuɗin na mene ne?"

"Waccan ta fi shan iska, Sinyora, ta fi sauƙi kaɗan, ga suna."

"Sunan ma yana tare kai?"

Ya yi dariya ya ce a'a. Na ɗauki ta ƙasa, fara, samfurin bara da suka rage wa kuɗi. Abin da na ajiye don furannin kabarin Egidio da gyaran dutsensa ne ya tafi. Bana zai yi haƙuri da na lambu, dama shi bai taɓa bambance fure da ganyen salak ba.

Denis ya ce a kawo yarinyar a gwada. Na ce tun kafin a haifi uwarsa nake auna mutane. Ya ce lallai ta kama kai tsam. Na gyaɗa masa kai, irin gyaɗawar da nake yi wa amaren da ke rantsuwa za su rame kafin biki, sannan na faɗa masa lamba ɗaya sama da abin da tef ya nuna. Wa ke yanka wa yaro kaya daidai jikinsa? Ko siket zan ɗinka sai na bar kalmasa mai faɗi da za a saki baɗi. Kai ma girma yake yi.

Talata, 29 ga Oktoba, da safe

Na ɗinke sabuwar lambar Maryamu a cikin katifar da ke saman kunnen dama, da ɗinki ƙanana, ko Sinyora Pedrini da tocilarta ba za ta gani ba. Wannan karon da hannuna.

Ambra ta ga kwalin a kan kujera. Ta zagaye shi kamar kyanwa da baƙon kare. Ba ta buɗe ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, ina dawowa, ko kwat ban cire ba

Na tafi da kwalin kan tudu. Nas ɗin bakin ƙofa ta jujjuya hular, ta ja maɗaurin, ta je ta tambayo, ta dawo ta ce in shiga da ita amma in fito da ita.

Na ajiye masa a cinya, na shiga zuba miya.

Hannuwansa ne suka fara. Suka ɗaga ta, suka gwada nauyi, suka kifa ta. Yatsa ya shiga ƙarƙashin katifa, ya ɗaga, ya sunkuya ya karanta sitikar. Ya ɗan gyaɗa kai. Na ji kamar an ba ni sakamakon jarrabawa. Sannan ya duba lambar awo da ke jikin maɗauri.

"Wa ya auna ta?"

Muryar ta yi tsatsa kamar ƙofar rumbu. Na ci gaba da juya miya.

"Ni mana."

"Ta yi mata yawa."

"Za ta girma a ciki."

"Mamma, ba siket ba ne." Ya sa hannu ciki ya kaɗa, hular ta yi rawa. "In ta bugu, hula ta tsaya, kai ya ci gaba da tafiya. Sai ta matse kumatu, bakinta ya yi kamar na kifi. Haka ake so."

Yana faɗa yatsunsa na bin katifun, sai suka tsaya saman kunnen dama. Ya latsa. Ya rufe ido.

"Ƙarfe? A gefen ƙwaƙwalwarta?"

"Maryamu ce."

"Ko wace ce. In aka bugu a nan, shiga za ta yi."

Babu almakashi a wurin, sai ya cire katifar ya kai baki ya tsinke zaren da haƙori, yadda na koya masa yana yaro. Lambar ta faɗo tafin hannunsa.

Na ce, "Shi ya sa ka jefar da ta farkon?"

"Tana ƙarƙashin kujerar kart ɗin. Na manne ta da baƙin salatif tun ranar da kika ba ni."

Na ce yanzu ya zan yi, Denis ba zai karɓi hular da aka ɗinka ba. Ya ce wannan samfurin ƙwaryarsu ɗaya da lambar da ke ƙasa da ita, katifun ne suka bambanta. In je da yarinyar, da ƙafarta, a sauya mata masu kauri.

Sai ya koma kallon taga. Amma ya sha rabin miyar, kuma da na tashi lambar tana cikin hannunsa a damƙe. Na gaya wa nas, ta ce za ta ajiye masa a inda zai riƙa gani.

Bai tambayi Ambra ba. Ya ce "bakinta", ya ce "ƙwaƙwalwarta". Sunan bai fito ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Alhamis. Na yi waƙa ina wanke kwanuka, sai da na gama na lura.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan mun dawo daga maƙabarta

Ranar tunawa da matattu, kowa da furanninsa masu tsada. Na ajiye wa Egidio na lambu na yi masa bayani. Bai yi gardama ba, abin da bai taɓa faruwa ba yana da rai.

Muna wanke dutsen na gaya wa Oriana cewa Fulvio ya yi magana. Ta tsaya da soso a hannu.

"Me ya ce?"

"Ya ce ban iya awo ba."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta juya baya tana gyaran furen da babu abin da ya same shi. Ambra tana can wajen famfo tana cika bokiti. Ruwan ya daɗe yana zuba bayan bokitin ya cika.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan makaranta

Na ce wa Ambra, "Papa ya ce a kai ki da ƙafarki." Ta ɗauki kwalin da kanta.

Denis ya ga ramin allura a katifa, ya dube ni.

Na ce, "Ɓera."

"Ɓera mai ɗinkin hannu, Sinyora?"

Ya sa masu kauri, kuɗinsu bai fi na cefanen kwana biyu ba. Ambra ta tura kai ciki da ƙyar. Ya ɗaure maɗaurin, ya kama hular ya juya hagu da dama, fatar goshinta na bin ta. Ya turo daga ƙeya, ba ta zame ba. Ya ce ta zauna da ita tsawon shan kofi, in wani wuri ya fara zafi ta faɗa.

Na leƙa ta gilashin. Kumatu sun taru, baki ya tsuke, sak kifin da ake kamowa a tafki.

"Nonna, kada ki yi dariya."

"Ni? Ina neman lemon tsami ne kawai da ɗan gishiri."

A bas ma ba ta cire ba. Direba ya ce shi dai ba ya gudu haka.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da yamma

Kan tudu. Na tarar ya koma wa tagarsa. Na ce an sauya katifu, shiru. Na ce baki ya yi na kifi, ya ɗan motsa kafaɗa.

Sai na ce, "Af, na je rumfar Tarcisio na ga cen ɗin motar ya bushe, na shafa masa man zaitun. Sabon matsa ne, na bana."

"Man me?"

"Zaitun. Mai kyau, ba na kanti ba."

Ya miƙe tsaye. Na manta tsayinsa. Ya yi mini bayanin cen da mai da ƙura, da abin da zafi ke yi musu, har wani tsoho da ke kujerar gefe ya ce shi ma ya ƙaru. Ina fita na ji yana tambayar nas ko za a bar shi ya buga waya.

A littafin nan ba zan ce na shafa ba, ba zan ce ban shafa ba. Wannan tsakanina da fada ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, a filin tsere, kafin a fara

Na kitse mata gashi a rumfar Tarcisio. Ta ce na ɗaure shi sama da yawa, ƙullin na danna mata ƙeya, Papa ƙasa yake kwantar da shi. Na kwance na sake. Ta ce ya fi na farko muni amma za ta jure.

Layi gaban teburin Sinyora Pedrini. Yaron da ke gabanmu tasa mai zanen wuta ce, aka haska aka ce ta manya ce, uban ya yi ta ɗaga murya, ba abin da ya canza. Ta karɓi tamu, ta kifa, ta zura yatsa, ta haska. Ta latsa katifun ɗaya bayan ɗaya, har saman kunnen dama. Ta sa wa Ambra, ta juya hagu da dama.

"Wa ya zaɓa?"

Ambra ta ce, "Nonna ta saya, Papa ya gyara."

"Wuce."

Kafin su tura motar na ce ta sa hannu ƙarƙashin kujera. Ta durƙusa ta laluba. Na ga lokacin da yatsunta suka taɓa salatif ɗin.

"Mene ne?"

"Maryamu. Shi ya manna, tun tuni."

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta saukar da gilashin hular, ban ƙara ganin fuskarta ba.

Lahadi, ƙarfe biyar, a gida

Ban gane wa ya ci ba. Farin ɗigo ɗaya kawai na yi ta bi cikin zumar nan. Tarcisio ya ce ta ƙare a tsakiya, ta wuce biyu a kwanar ƙarshe. Oriana, da ta ce ta zo ne kawai don ta kawo mu, ta yi ihu har muryarta ta tafi. Na tambaye ta mutumin Verona, ta ce da raɗa lambar wayarsa ta ɓace mata.

Muna loda kaya Tarcisio ya ce, gaban kowa, "Ersilia, ɗanki ya bugo mini daga kan tudu wai in wanke cen, kin zuba masa man salak. Na duba, cen ɗin nan ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

Na ce tsufa ne, wataƙila wata motar na shafa wa.

A hanya Ambra na baya da hular a cinya, kumatunta duk sawun katifa. Da muka kusa gida ta matso.

"Nonna, ranar Laraba ƙarfe nawa bas ɗin kan tudu yake tashi?"

Oriana ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce uku da rabi, in ta fito makaranta da sauri za ta same shi.

"In na je bai yi magana ba fa?"

Na ce sai mu nemo abin da muka ɓata. Ko mu ce na wanke injin da sabulun kwanuka.

"Ba sai mun yi ƙarya ba," in ji ta. "Ki kitse mini gashi kawai. Yana gani zai yi magana."